Abin da Baba Irimiya Yake Kawo Mana

Shekara biyu da 'yan watanni na yi ina aiki da Baba Irimiya, kuma ban tuna sati guda da ya wuce bai ɓata mini rai ba.

Sunana Muniratu. Ni ce mai girki a kicin ɗin taimako da ke unguwar Shango a Minna, bayan layin masu walda. Sana'ata dafa abincin biki, har yanzu ina yi idan an kira ni, amma Litinin da Laraba da Juma'a na kicin ne, kuma ba wanda ake biya a cikinmu. Madam Patricia ce ta buɗe wurin, ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, a shekarar da man fetur ya yi tsada kayan abinci suka bi bayansa. Tsarinta a baki ba wuya. Akwai abincin da ake zubarwa a kasuwa da wuraren biki, akwai kuma masu wuni da yunwa a gari ɗaya da kasuwar, to a haɗa su. Ni nake dafawa, Baba Irimiya ne yake ɗaukowa.

Dattijo ne siriri, ya haura sittin da biyar, ɗan wani ƙauye kusa da Paiko, daga gidan manoman doya. Yana saurayi ya shigo Minna ya kama aikin lodi a tashar jirgin ƙasa, daga baya aka mai da shi mai kula da sito. Da jirage suka rage zuwa aka sallame su. Ya yi gadi shekaru, ya yi kiwon kaji bai yi sa'a ba. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda ɗaya, Mercy, tana aiki a Abuja. Ita ta saya masa keke mai ƙafa uku, irin mai buɗaɗɗen baya, don ya riƙa ɗaukar wa mutane kaya yana samun na cefane. Ranar da Madam Patricia ta tashi a cocinsu ta ce tana neman mai abin hawa da zai taimaka, shi ya fara ɗaga hannu. Tun daga ranar keken ya zama na kicin, aikin da aka saye shi dominsa kuwa sai wanda ya gani.

Hausarsa ta kasuwa ce da tasha, kuma a bakinsa ba mace ba namiji, kowa “kai” ne. Da farko nakan waiga in ga da wa yake. Daga baya na saba.

Abin da ban saba da shi ba shi ne, Baba Irimiya bai iya cewa ba ya so ba. Duk abin da aka miƙo masa da sunan abinci, ya karɓa ke nan. Wata Laraba na hura wuta tun ƙarfe bakwai, na ɗora ruwa, ina jiran kayan miya. Tara da rabi sai ga ƙarar kekensa, wadda ake jiyowa tun daga bakin titi. Ya tsaya yana murmushi kamar an yi masa albishir.

“Muniratu, ka zo ka ga abin da Allah ya yi.”

Na leƙa. Lemo ne, buhu biyar. Na ɗaga buhunan ko akwai wani abu a ƙasa. Babu.

“Baba, ina tumatir? Ina albasa?”

“Yau babu. Amma wannan, mota ne ya lalace a hanya, mai shi ya ce zai zubar.”

“Mutum ɗari da hamsin za su zo ƙarfe ɗaya. Miyar lemo zan yi musu?”

“Lemo yana da kyau ga jiki,” in ji shi. “Ka tambayi Madam.”

Ran nan shinkafa da manja da gishiri muka raba, kowa da lemonsa a leda. Wani ɗan acaɓa ya kalli ledar ya tambaye ni ko an fara azumi ne bai sani ba.

Ranar lemo ma da sauƙi, don lemon lafiyayye ne. Abin da ya fi cin raina shi ne kwandunan tumatir. Saman kwandon jawur, ka ce yanzu aka tsinko. Ka zura hannu ƙasa sai ka ji ruwa mai ɗumi, ka zaro hannun da tsutsa. Kabeji yakan kawo wanda sai an ɓare ganye goma kafin a tarar da abin da bai kai dunƙulen hannu ba. Doya rabi fari rabi baƙi. Ni da matan da ke taya ni mukan zauna awa biyu muna tsinta, ƙudaje na bin mu, masu walda na leƙowa ta katanga suna tambaya ko wani abu ne ya mutu. Bayan mun gama kuma sai a nemi yadda za a yi da tarin da muka ware, don Baba Irimiya ba zai bari a zubar a gabansa ba. Sai ya tsuguna a kan abin da na riga na jefar yana sake dubawa.

“Wannan fa? Wannan gefe ɗaya ne kawai ya taɓu.”

“Baba, ajiye.”

“Ka yanke nan, ka yanke nan, sauran yana da kyau.”

“Idan na yanke nan na yanke nan, me ya rage? Iska?”

Idan na matsa masa sai ya ɗauko labarin tasha. Wata shekara, lokacin yana sito, manoman yankinsu suka tara doya za a kai kudu, har da ta mahaifinsa a ciki. Aka loda a tarago, jirgin da zai ja bai zo ba. Sati ɗaya, sati biyu, sati uku a rana. Da aka buɗe, ruwa ne yake tsiyaya ta ƙasan ƙofa. Shi aka ba shebur, shi ya haƙa rami a bayan sito ya binne noman shekara guda na gidansu, alhali a ƙauye ƙannensa kunun dusa suke sha a damunar nan. Ranar da na fara jin labarin sai da idona ya kawo ruwa. Amma na ji shi ya fi sau talatin, kuma taragon ƙaruwa yake yi. Da biyu ya fara, na ƙarshen da na ji sun kai bakwai.

Na kai ƙararsa wurin Madam Patricia ba sau ɗaya ba. Takan cire tabarau ta goge, ta ce, “Muniratu, ki yi haƙuri da shi. Wa muke da shi in ba shi ba?” Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi.

Babbar rigimarmu ta faru ne wata Litinin a watan Maris, lokacin da zafin Minna yake sa mutum ya yi wanka ya fito yana gumi. Madam ta tafi Bosso ta'aziyya. Ƙarfe sha ɗaya ta wuce Baba Irimiya bai zo ba, mutane sun fara taruwa a inuwar katanga da kwanukansu. Sai ga shi da manyan kuloli huɗu a bayan keke, ya ɗaure su da igiya, yana danna ham tun daga nesa.

“Yau ka huta,” ya ce da ni. “Yau babu girki. Jalof ne, da kaza.”

Da ƙarfi ya faɗa, duk layin suka ji. Kalmar kaza ta bi bakin mutane har ƙarshen katanga.

Na kwance igiyar na buɗe kula ta farko. Shekara goma sha takwas ina dafa shinkafar biki, ba sai na ɗanɗana ba. Wani ɗumi mai tsami ya bugi fuskata. Na sa ludayi na ɗago, shinkafar tana yauƙi.

“Baba, yaushe aka dafa wannan?”

“Bikin ranar Asabar ne, a Tunga. Manyan mutane.”

“Yau Litinin.”

“Jiya bayan coci suka kira ni. Na kai ɗakina, na rufe da kyau, ko ƙuda bai shiga ba.”

“A firij?”

Ya kalle ni kamar na tambaye shi ko yana da jirgin sama. An yi kwana uku ba wuta a unguwarsu, kuma ko da akwai, ba shi da firij.

Na mai da murfin. Na ce masa a hankali, don kada layi ya ji, wannan abincin ya lalace, ba mai cin sa a nan.

“Ka ɗumama kawai. Wuta yana kashe komai.”

“Wuta ba ta kashe wannan.”

“Muniratu, kaza fa! Yaushe rabon mutanen nan da kaza?”

Na kira wayar Madam sau uku, ba ta shiga. Kafin in waiwayo ya ɗauki faranti, ya buɗe kula ta biyu, ya cika shi, ya ɗora cinya a kai. Ya je tsakiyar fili, gaban kowa, ya zauna a kan benci ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsa, ya fara ci. Yana ci yana kallona. Ya cinye, ya tauna ƙashin, ya koma ya ƙaro.

“Kun gani?” ya ce da jama'a. “Na mutu?”

Nan wuri ya rikice. Layi ya watse, mutane suka yo kan kulolin da kwanuka a miƙe. Ban san lokacin da na haye kan kula ɗaya na zauna ba, na ɗora ƙafa a kan ta biyu, na ce wa matan da ke taya ni su zauna a kan sauran. Wata mata mai goyo, wadda na san ta, kullum ita ce ta farko a layi, ta riƙe mini hannu.

“Anti, ki ba ni ko kaɗan ne. Ni na yarda. In wani abu ya same ni ba ruwanki.”

“Da goyon da ke bayanki fa? Shi ma ya yarda?”

Daga bayan taron wani ya ɗaga murya ya ce ai an san irinmu, ɓoyewa zan yi in kai gida. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce haka ne. Ni da na baro aikin suna a Kpakungu ran nan don in zo in tsaya a gaban wuta kyauta.

Na ga in dai kulolin suna nan, ba za a rabu lafiya ba. Na sa muka ja su zuwa ramin shara da ke bayan kicin, na juye su ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, na kwaso toka da ruwan wanke-wanke na zuba a kai, don na san idan ban yi haka ba wani zai dawo ya tsinci naman. Baba Irimiya yana tsaye a bakin ramin da farantinsa a hannu. Ya ajiye farantin a ƙasa, ya hau kekensa ya tafi, ko kulolin bai ɗauka ba.

Taliya da ɗan waken da ya rage a sito na dafa. Sai ƙarfe uku aka ci. Kusan rabin mutanen sun riga sun tafi, waɗanda suka tsaya kuma ba wanda ya ce mini sannu.

Ranar Laraba da safe Madam Patricia ta kira ni. Ta ce maƙwabcin Baba Irimiya ne ya tarar da shi ranar Talata a bakin ƙofar banɗaki, ya kasa tashi, amai da gudawa sun zuƙe shi. Yana wani ƙaramin asibiti ana yi masa ƙarin ruwa. Na dama kunun gyaɗa na zuba a filas na tafi, ina tafe ina shirya abin da zan faɗa masa, kuma ba mai daɗi ba ne.

Da na gan shi sai na fasa faɗan. Dama siriri ne, yanzu kuwa kamar an shimfiɗa riga a kan gado. Idanunsa sun faɗa. Ya buɗe su ya gan ni, ya ɗaga yatsa ɗaya.

“Ba shinkafa ba ne,” ya ce, da kyar ake jin muryarsa. “Ruwan leda ne na sha a hanya.”

Na ajiye filas ɗin a hankali don kada in jefe shi da shi.

“Baba, mutum ɗari da hamsin. Da yara. Da gadon nan ya ishe su?”

Ya juya fuskarsa bango. Can ya ce, “Ka zuba toka a kan kaza.”

Muna cikin haka Mercy ta shigo, daga tasha take, da jakarta a kafaɗa. Ta duba mahaifinta, ta yi magana da ma'aikaciyar jinya, sannan ta juyo kaina.

“Anti, ku ne na kicin ɗin? Kuna tsaye tsoho ya ci ruɓaɓɓen abinci har faranti biyu?”

Amsoshi sun kai biyar a bakina. Na dubi idonta na ga ta sha kuka a mota, sai na ce, “Allah ya ba shi lafiya,” na fito. A bakin asibitin na tsaya na yi ta magana ni kaɗai, har mai sayar da katin waya ya matsar da kujerarsa.

Likita ya ce sai ya huta sati uku. Kicin kuwa ba ya hutawa. Madam ta roƙi wani maƙwabcinta, Silas, tsohon direba, ya tuƙa keken, ni kuma na ce da kaina zan je kasuwa. A raina har daɗi nake ji. Yau dai za a ga yadda ake karɓo kaya masu kyau.

Baba Irimiya ya ce in nemi wani Maiwada a layin 'yan tumatir, shi ne babbansu, daga Wushishi yake sauke kaya. Na same shi a kan benci yana shan shayi, na gaishe shi na faɗi daga inda nake.

“Ayya, Baba ba lafiya? Allah ya sawwaƙe. Hajiya, ga naku can.”

Ya nuna bayan rumfa. Tari ne ya kai gwiwata, fasasshen tumatir da ruɓaɓɓen tattasai da ganyen kabeji, har da ledoji da ɓawon rake, ruwa na gangarowa daga ƙasansa zuwa kwata.

“Malam Maiwada, wannan ai shara ce.”

“To, ai ita yake fara kwashewa.”

“Mutane za mu ciyar, ba rami za mu cike ba! Ku ji tsoron Allah. Don kun ga tsoho ba ya musu shi ne kuka mai da shi motar shara?”

Na ɗaga murya sosai, har 'yan layin suka taso. Na faɗi abin da na tara na shekara guda, na ba su labarin tsutsa da ƙudaje da awa biyu na tsinta. Maiwada bai katse ni ba. Da na gama ya kurɓi shayinsa.

“Hajiya, kin gama? To bari in gaya miki yadda muke da Baba. Mu nan masu kwashe shara sai su yi sati ba su zo ba. Shi ya zo da kansa ya ce zai riƙa kwashe mana, ya share gaban rumfa, mu kuma mu ba shi abin da ya kwana bai lalace ba. Ki ga wancan.” Ya nuna wasu kwanduna biyu a inuwa, an rufe da buhu. “Wannan da zan sa shi a faranti, kafin azahar mata sun saye. Ba don Allah kaɗai nake bayarwa ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Wanda ya kwashe wancan shi yake tafiya da wannan.”

“Yana kwashewa ya kai ina?”

“Rabi yakan kai juji. Rabin kuma sai ya tsaya yana dubawa, ya ce akwai na ci a ciki. Mun yi masa magana har mun gaji.”

Na tsaya ina kallon tarin. Ina sanye da atamfar da na goge da safe. Silas ya ce shi bayansa ba ya son sunkuyo, kuma tuƙi aka ce ya yi. Na ce wa Maiwada ni ba zan kwashe ba. Ya ce ba komai, ya sa aka ɗebo mini rabin kwando saboda Baba, ya koma kan shayinsa. A layin 'yan albasa da na masu doya ma labarin ɗaya ne, kowa yana da shararsa da ke jiran Baba Irimiya.

Da rabin kwandon tumatir da doya shida muka dawo. Ran nan na tsinke miya da ruwa har kana ganin ƙasan tukunya, duk da haka mutum talatin da wani abu na sallama hannu wofi. Matar nan mai goyo ta samu, don ita ce ta farko. Wani tsoho mai sanda da yake zuwa daga Chanchaga bai samu ba. Ya leƙa tukunyar da kansa, ya ce, “To, Allah ya kai mu Litinin,” ya juya.

Ranar Litinin na sa tsohon zane da takalmin roba na ɗauki shebur. Sati uku ina kwashe sharar layin 'yan tumatir, ina yi ina tsine wa shebur ɗin a zuci. Ba zan ce abin ya sa na daina jin haushin Baba Irimiya ba. Ƙaruwa ma ya yi. Shekara guda yana wannan aikin da bayansa na tsufa, bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba, ya bar ni ina yi masa faɗa a kan tsutsa. Da ya faɗa, da tuni mun san abin yi.

Da ya warke ya dawo, Madam Patricia ta zaunar da mu uku a ƙarƙashin rumfa. Na ce sharuɗɗana biyu. Dafaffen abinci, in ba ranar aka dafa ba, kada ya shigo da shi. Sannan abin da ya ruɓe kada ya iso Shango, a rabu da shi tun a hanya.

“A rabu da shi ina?” in ji shi. “Juji?”

“Juji mana.”

“A'a.”

Muka yi ta ja har Madam ta tuna da wani ɗan cocinsu, Yona, mai kiwo a bayan gari. Aka kira shi a waya, ya ce duk abin da aka samu a kawo, dabbobinsa ba sa zaɓe. Ban tambayi abin da yake kiwo ba. Daga baya na ji aladu ne, na ce su ci lafiya, ni dai kada in gani. Baba Irimiya ya yarda da wannan, don a wurinsa in dai wani baki ya ci, ba a zubar ba. Masu walda ma suka ba mu mutum biyu da ke zuwa taya shi shebur, ina jin don su huta da wari ne.

Kada a ɗauka ya canza. Ya bi sharaɗin dafaffen abinci, amma ta hanyarsa. Sai ya kira ni ranar Asabar ina tsakiyar aikin biki ya ce yana bakin wani zauren taro a Tunga, an bar tuwo da miyar agushi, yanzun nan aka sauke, in zo in shinshina. In ce masa Baba yau ba ranar kicin ba ce, wa zai ci? Ya ce shi ya riga ya faɗa wa mutane. Haka Asabar ta shiga cikin ranakunmu ba tare da kowa ya zauna ya yanke ba. Maigidana ya tambaye ni ko kicin ɗin ne ya aure ni.

A damunar bara gwiwarsa ta kumbura, ya kasa taka giyar keke. Mercy ta zo da mota ta ce wannan karon ba shawara ta zo yi ba, Abuja za su tafi. Ta same ni a kicin ta gaishe ni da ladabi, ta ce in yafe mata maganar asibiti, mahaifinta ya ba ta labarin yadda aka yi, ko da yake har yanzu ruwan leda yake ɗora wa laifi. Ya bar mana keken, Silas ya ci gaba da tuƙawa. Da zai shiga mota ya riƙe hannuna ya ce, “Ka riƙa duba ƙasan kwando da kyau, akwai na ci.” Na ce to. Na koma ciki na zauna, kicin ya yi shiru, na ce yau zan sha iska.

Kwana goma sha ɗaya na sha iskar. Ranar Alhamis da hantsi ina wanki a gida wayata ta yi ƙara.

“Muniratu, kana ina?”

“Ina gida, Baba. Ya gwiwa?”

“Bar gwiwa. Akwai gidan burodi kusa da gidan Mercy. Ka san abin da suke yi da wanda ya karye, da wanda ya kwana? Zubarwa! Na yi magana da manaja. Buhu huɗu na sa a mota, direba sunansa Wisdom, na ba shi lambarka. Ƙarfe biyu yana tasha.”

“Baba, daga Abuja? Burodi? Mercy ta sani?”

“Yana wurin aiki. Ka yi sauri, direban ba shi da haƙuri.”

Ya kashe wayar. Na kira, bai ɗauka ba. Na bar wankin a cikin baho na kira Silas, wanda ya ce shi yau ba ranar aikinsa ba ce, sai da na haɗa shi da Madam.

Motar ba ta iso ba sai huɗu saura, ana yayyafi. Direban ya sauko yana faɗa tun kafin in gaishe shi, wai tsohon ya tare gaban motarsa da sanda ya ƙi matsawa sai da aka loda, fasinjoji sun yi ta ƙorafi, wata mata ta yi tafiyar gaba ɗaya da buhu a kan cinya. Na ba shi haƙuri, na ba matar haƙuri. Na kwance bakin buhu ɗaya a nan tashar na shinshina, na gutsura na ɗanɗana. Lafiyarsa ƙalau, ya dai lotse.

Muna lodawa a keke direban ya leƙo ta taga ya ce, “Hajiya, ya ce wai duk Alhamis ne. Ni dai ki gaya masa ya nemi wata motar.”

Washegari shayi muka dafa a babbar tukunya, aka ci da burodi kafin shinkafa ta nuna. Ya ishi kowa, har tsohon Chanchaga ya tafi da guda biyu a leda. Da yamma na zauna na fara kiran direbobin Abuja da na sani, ɗaya bayan ɗaya, ina neman mai haƙuri.